Keken da Gwaggo Tabawa Ta Zaɓa wa Hajara

Da sunan Allah nake farawa, Mai rayawa, Mai karɓar abinsa a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu da iyalan gidansa.

Bayan haka, duk wanda ya zauna da Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina, ya san ba a ajiye cokali kusa da ita. A haɓar zanenta, inda sauran tsofaffi suke ƙulle goro da 'yan canji, ita mayen ƙarfe take ƙullewa, wani baƙin dunƙule da ta ciro daga cikin matacciyar rediyo tun tana aiki a kamfanin tukwane a Bompai. Aikinta a can shi ne ware alminiyam daga baƙin ƙarfe a cikin tarkacen da ake kawowa narkarwa. Kamfanin ya rufe, ma'aikata sun watse, amma mayen bai bar haɓar zanen ba har ƙarshen rayuwarta. In an kawo sabuwar tukunya gida sai ta ɗora shi a kai. In amarya ta zo gaisuwa da sarƙar wuya, ki riƙe wuyanki da kyau. Abin da take faɗa kullum shi ne, fenti ƙarya yake yi, mayenta kuwa bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Waɗanda suka je sunan nan na Dorayi za su tuna. An gama cin shinkafa, Gwaggo ta miƙe daga tabarma za ta yi alwala, sai ga murfin langa da cokula suna rataye a gefen zanenta, suna kaɗawa suna ƙara kamar akuya mai ƙararrawa. Mai jego ta danne dariya ta ce, "Gwaggo, ai da kin ce kina so, da an wanke miki su."

Gwaggo ta duba gefenta, ba ta ko girgiza ba. Ta ce, "Ni ban kira su ba. Mutuniyar kirki suka gani suka biyo ta."

Ga wanda bai san ta ba, Gwaggo 'yar ƙaramar mace ce, ko a kan turmi ta tsaya da ƙyar ta kai kafaɗata. Da wannan jikin ta yi shekaru tana hawan keke daga Dakata zuwa Bompai, lokacin da in mace ta wuce a kan keke masu shayi kan ajiye ludayi su bi ta da kallo. Keken nata kuwa ta tuɓe shi tas. Ta cire kariyar baya, ta cire jakin da ake kafe shi, ta cire madigadin gaba, ta ce duk abin da ba ya juya taya kaya ne, ita kuma ba 'yar dako ba ce. Wata rana ina saurayi, ina ji da kyan rubutuna, ta kira ni ta ce in rubuta mata sunanta da ajami a jikin keken saboda ɓarayi. Na samo fenti da gashin kaza, na zauna na tsara shi da wasulla da komai, irin rubutun da malaminmu zai gani ya sa mini albarka. Ta zo ta duba, ta karkata kai.

"Habu, waɗannan ƙananan na sama da ƙasa fa?"

Na ce, "Wasulla ne, Gwaggo. Su ne za su sa a karanta daidai."

Ta ce, "Kankare su, nauyi suke ƙarawa. Wanda ya san ni zai karanta, wanda bai san ni ba me ya kawo shi jikin kekena?"

Da mijinta ya rasu, gwiwoyi kuma suka fara yi mata gardama, ta dawo Sharada gidan ƙaninta, Baffa Ɗanjuma, wanda shi ne babban gidanmu. A nan ne maganar Hajara ta taso, kuma ita ce nake so in ba ku da tsawo, don a cikinta ne na fi sanin wace ce Gwaggo.

Hajara jikar Baffa ce, 'yar ɗansa Sani. Sani yana aiki a wani kamfanin fata a Challawa, tirela ta buge shi a hanyar zuwa aiki, Allah Ya jiƙansa. Ya bar mata da 'ya'ya, Hajara ce babba. Da ta gama sakandare ta samu aikin ɗinke bakin tabarmar roba a wani kamfani a Challawar, kuma da abin da take samu ne tukunyar ɗakinsu take hawa murhu, ƙannenta suke zuwa makaranta. Da farko motar kamfani ce take kwasar su. Da mai ya yi tsada aka ajiye motar. Kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfin albashin, sai ta koma tafiya a ƙasa, ta fara makara. Mai kula da sashensu ta yi mata haƙuri har ta gaji, ta ce mata in abin ya ci gaba akwai masu jira a bakin get.

Hajara kuwa jinin Gwaggo ce sak. In suna tafe tare daga baya, sai ka rasa wace ce jikar. Ita ce ta zo ta durƙusa gaban Baffa a zaure ta ce tana neman izini ta riƙa zuwa a kan keke, tunda ta iya tun tana yarinya.

Baffa bai ce a'a ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ga kekena can a jingine. In kin iya, bismillah."

Keken Baffa kuwa kun san shi, baƙin nan mai sanda biyu a tsakiya, wanda ya yi zamani yana ɗaukar fatu daga kasuwa. Hajara ta tura shi lungu da ƙyar. Ta hau dakali ta haye sirdi, in feda ta yi ƙasa ƙafarta ba ta iya bin ta. Ta yi 'yar tafiya tana lilo, da ta zo kwana ta nemi ƙasa da ƙafa ba ta samu ba, keken ya kwanta da ita cikin kwata. Ta taso gwiwa a ƙuje, hijabi duk baƙin ruwa.

Baffa ya ce, "To, kowa ya gani da idonsa. Ban hana ba, abin ne ya gagara. Ta ajiye aikin nan, abin da Allah Ya hore mana mu ci tare."

Kowa ya san abin da Allah Ya hore wa Baffa a shekarun nan bai kai ya riƙe ɗaki biyu ba, amma ba mai iya faɗa. Hajara ta tsaya tana kallon ƙasa. Sai ga Gwaggo ta fito daga cikin gida tana ɗingishi. Ta zagaya keken, ta kama sirdin ta gwada ɗagawa, ko motsi bai yi ba.

"Ɗanjuma."

"Na'am, Yaya."

"Tun kana yaro, in ba ka son aike ba ka cewa ba za ka ba. Takalminka kake ɓoyewa, ka zo kana taya mu nema. Yau ma abin da ka yi ke nan. Wannan ba keke ba ne, gadon ƙarfe ne aka sa wa taya. Ka san ba za ta iya ba ka ba ta."

Baffa ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Yaya, hanyar nan ta ci mini Sani."

Gwaggo ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ni na yi masa wankan jariri, ba sai ka tuna mini ba. Amma yunwa ma ba ta da birki. Ka bar ni in zaɓa mata keke daidai jikinta, in koya mata hanyar."

Baffa ya ce, "In ta sake faɗuwa, ko sau ɗaya ne, magana ta ƙare."

Gwaggo ta ce, "Na yarda. Habu, kai ne shaida, tunda kai ne mai karatu."

Washegari ta sa aka kai akuyarta kasuwa don a samu kuɗin keken. Ranar da Hajara ba ta da aiki muka tafi mu uku wajen masu kekunan gwanjo a Sabon Gari. Ni an tafi da ni ne a matsayin namijin tafiya, amma tun a hanya Gwaggo ta gaya mini aikina shi ne riƙe mata lema.

Mai shagon da muka tsaya wani saurayi ne mai zaƙin baki. Da ya ji abin da muke nema ya jawo wani fari mai ƙyalli kamar sabon kwano. Ya ce, "Hajiya Kaka, kin zo a sa'a. Wannan alminiyam ne zalla, da yatsa ɗaya za ta ɗaga shi."

Gwaggo ta kwance haɓar zane, ta kai mayen kusa da ƙarfen, sai ji muka yi ƙas, ya manne. Ta sake shi ya zauna daram. Ta ce, "Ɗana, alminiyam ɗinka yana ƙaunar mayena. Ko dai 'yan'uwa ne?"

Saurayin ya sosa ƙeya ya ce wataƙila yaran shago ne suka haɗa masa kaya. Ya shiga ciki ya fito da wani, dogo siriri, tayoyinsa kamar igiya, kansa a lanƙwashe ƙasa irin na 'yan tsere. Na ga idon Hajara ya yi haske. Gwaggo ta ɗora mayen, ya sulale ya faɗi ƙasa. Saurayin ya buɗe hannuwa ya ce, "To Hajiya Kaka, yanzu kuma sai me? Alƙalinki ma ya wanke ni."

Gwaggo ta ce, "Ya wanke ƙarfen. Hajara, hau."

Hajara ta tsaya gaban sandar tsakiya tana neman ta inda za ta ɗaga ƙafa a gaban maza. Gwaggo ta ce wa saurayin, "Ka gani? Ta ina zane zai bi?" Da aka riƙe mata ta haye, ƙafafunta suna reto a sama, ta miƙe kamar mai ɗibar ruwa a rijiya kafin hannunta ya kai birki. Gwaggo ta matsa tayar da babban yatsa ta ce, "Wannan ramin farko na hanyar Challawa zai haɗiye ta. Rashin nauyi kaɗai ba ya kai mutum aiki. Sauko, 'yar nan."

Haka muka yi ta yi. Ana fitowa da su tana mayarwa, wannan ya yi tsawo, wancan kansa ya yi faɗi, wani kuma birkinsa sai tafin ƙato. Saurayin ya jiƙe da gumi. Ni ma hannuna ya gaji da lema, ina ta istigfari a zuci kada in ce wani abu. Daga ƙarshe ita da kanta ta kutsa can ƙuryar shagon, ta nuna wani da sandarta. Ɗan madaidaici ne mai ruwan hoda, ba shi da sanda a sama, ƙarfen tsakiyarsa ya gangaro ƙasa yadda mace za ta ratsa ƙafa ba tare da ta ɗaga zane ba. Yana da kwando a gaba, da tuntaye masu launi a hannuwa, da hoton wata mage mai ɗaurin kai manne a jikinsa.

Saurayin ya ce, "Ai wannan na 'yan makaranta ne."

Gwaggo ta ce, "Na tambaye ka ajinsu?"

Mayen ya sulale a jikinsa. Hajara ta zauna a sirdi, tafin ƙafarta na gaba ya taɓa ƙasa dama da hagu. Bayanta a miƙe, gwiwar hannunta a ɗan lanƙwashe. Gwaggo ta sa ta matse birki da yatsu biyu, suka kai ba tare da ta saki hannun keken ba. Sannan ta zo ga gwajin da ta fi ba muhimmanci. Ta ce, "Tattare hijabinki da hannun hagu. Kama shi nan tsakiya da dama. Ɗaga. Tsallaka kwatar can ki dawo."

Hajara ta ɗaga shi kamar bokitin da ba a cika ba, ta tsallaka ta dawo. Amma fuskarta ba walwala. Ta matso kusa ta ce a hankali, "Gwaggo, keken yara ne fa. Kin san bakin 'yan wurin aikinmu. Har mage gare shi."

Gwaggo ta ce, "Ni da aka yi wa waƙa a Bompai? Masu shayi har amshi suke yi in na wuce. Ban taɓa zuwa karɓar albashi an ce an cire na dariya ba. Ke dai zaɓi, su yi miki dariya a bakin get kina shiga, ko su yi miki jaje a gida kina zaune."

Hajara ta ce, "To ko magen a ɓamɓare."

"Magen ce mai gadi. Wane ƙaton ɓarawo ne zai yarda a gan shi a Sharada a kan keke mai ruwan hoda da mage?"

Wajen ciniki kuma sai da saurayin ya nemi kujera. Gwaggo ta sa shi ya kwance kwandon, ya kwance jakin, ya cire tuntayen, ta tara masa su a gabansa ta ce to waɗannan ta sayar masa, ya fitar da kuɗinsu daga ciki. Ya ce shi tunda yake bai taɓa sayen kayansa a shagonsa ba. Ta ce yau ya fara, Allah Ya sa albarka. Da ya ga abin ya zama haka, ya kai sifana kan murfin sarƙa zai kwance shi ma, ta buge masa hannu.

"Wannan ko da dutse aka yi shi yana nan. Kai ba ka taɓa sa zane ba, ba ka san abin da sarƙa take yi masa ba."

Da za mu tafi ya raka mu har titi, yana roƙon ta in ta sake zuwa ta aiko masa tun da wuri, ya rufe shago ya tafi ƙauye.

A gida ta sa Hajara ta kwaso ragowar zaren tabarma daga wurin aiki, ta zauna ta saƙa raga a gefe biyu na tayar baya don kada hijabi ya shiga. Ta sa tela ya rage tsawon hijabi ɗaya, ta ce a riƙa sa wando a ƙarƙashin zane. Sai aka shiga horo, kullum da yamma in Hajara ta dawo, a filin nan na bayan kamfanoni kusa da layin dogo. Gwaggo ba ta damu da gudu ba, ba ta damu da iya kwana ba. Darasinta ɗaya ne. Babbar mota ba a yin takara da ita, ba a raɓa ta, ba a jiran direba ya gan ka. In kin ji ta a bayanki kuma hanya ta matse, ki sauka, ki ɗauki kekenki, ki tsallaka kwata, ki tsaya har ta wuce. Don haka ne ta nace sai wanda za a iya ɗauka da hannu ɗaya.

Yadda take koyarwar ne ya addabi unguwa. Tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno kamar mai gyangyaɗi, sai Hajara ta saki jiki, sai ta ƙwalla, "Tirela!" Nan take Hajara ta dira, ta sunkuci keke, ta yi gefe. Ba a fili kaɗai ba, har a cikin gida, yarinya tana cin tuwo sai a ƙwalla mata, wai a ga ko jikinta ya riƙe. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da kunu ta taɓa tsallaka kwatar ƙofar gidanmu da bokiti a ka saboda wannan kira, ta zo har tsakar gida tana neman a biya ta abin da ya zube. Gwaggo ta ce mata, "Ke ce ya kamata ki biya. Darasin da na sayar da akuya a kansa kika samu kyauta."

Ranar da Hajara za ta fara fita, gari ya waye da ɗan sanyin ruwan da aka kwana ana yi. Baffa yana zaure da carbinsa, ya ce shi ba zai fita kallo ba, abin da za a gaya masa kawai yake jira. Hajara ta durƙusa ta ce, "Alhaji, zan tafi." Ya ce, "Allah Ya kiyaye," bai ɗago ba.

Tana shan kwana Gwaggo ta ja hannun rigata. Ashe ta riga ta yi magana da wani mai adaidaita, yana jira a bayan masallaci. Muka shiga, ta ce masa ya bi yarinyar can mai keken ruwan hoda, daga nesa, kada ta gan mu. Muka bi ta cikin ayarin ma'aikata masu tafiya a ƙasa da masu babura, ta wuce masu ƙosai, ta wuce layin motocin da ke jiran lodi. Tana tafe a gefenta, ba ta sauri ba ta lilo. Wasu samari a bakin wani get suka yi mata kukan mage, ko waiwaye ba ta yi ba. Na ji Gwaggo ta yi wani ɗan tsaki na jin daɗi.

Direban ya ce, "Kaka, a irin wannan tafiyar mai ya fi ƙonewa. Ko tura motar zan sauka in yi?"

Ta ce, "In ka iya turawa ba ƙara, ya fi mini."

Can ya leƙa madubi ya ce, "Malam, akwai wani dattijo da yake bin mu tun daga unguwa. A kan baƙin keke, ya ɗaure babbar riga a ƙugu, yana haki."

Zan juya, Gwaggo ta danne mini gwiwa. Ta ce, "Kada ka waiwaya, Habu. Ya ce yana zaure. Ka bar shi a zauren."

Da muka kusa Challawa akwai wani wuri da hanya take matsewa. An jera manyan motoci a hannu ɗaya, ruwa ya cika wani rami a tsakiya, ga babbar kwata a ɗaya hannun. Muna dosar wurin muka ji ƙahon tirela a bayanmu, ta ɗauko buhuna har sama, direban yana neman kauce wa ramin, ya karkato gefenmu. Mai adaidaitarmu ya faɗa bakin wani get ya lafe. A daidai nan Baffa ya wuce mu kamar iska, yana taka feda a tsaye, idonsa a kan jikarsa.

Na dubi Gwaggo ina jiran ta ƙwalla kiran nan nata. Ba ta yi ba. Ta damƙe ƙarfen motar, leɓenta yana motsi da addu'a.

Hajara ta ɗan karkata kai ta ji ƙarar. Ta matse birki, ƙafafunta biyu suka sauka ƙasa, ta tattare hijabi da hagu, ta ɗauki keke da dama, ta tsallaka kwatar, ta tsaya a kan tudu. Ko gaggawa ban gani a jikinta ba.

Baffa ya ga abin da ta yi, ya ga tirelar ta iso kansa, shi ma ya dira zai yi haka. Ya kama baƙin kekensa ya ja sama, keken ya ƙi. Ya sake ja. A nan ne Gwaggo ta zuro kai waje ta ce, "Ɗanjuma, sake shi!"

Ya sake shi, ya yi wani tsalle da ban san yana da sauransa ba, ya dira a ɗaya gefen a kan gwiwoyinsa. Tayar bayan tirelar ta bi ta kan tayar gaban keken ta naɗe ta kamar tabarma, ta wuce abinta.

Hajara ta ajiye kekenta ta rugo. "Alhaji, ku ne? Me ya fito da ku? Kun ji ciwo?"

Baffa yana zaune a ƙasa, hula a gefe, riga duk laka, yana mayar da numfashi. Ya dube ta tun daga sama har ƙasa, ya dubi ɗan keken mai mage. Sai ya ɗaure fuska.

"Wa ya ce ki tsaya? So kike ki makara su ce daga gidana ne ba a san lokaci ba? Wuce ki tafi aikinki."

Ta tsaya kamar ba ta ji daidai ba. Gwaggo, da na taimaka mata ta sauko, ta ce, "Kin ji abin da mai gida ya ce. In an tashi ki biyo hannun da kika zo."

Muka tsaya muna kallon ta har ta shige get ɗinsu tare da sauran mata. Gwaggo ta zauna a bakin kwatar kusa da ƙaninta, tsofaffi biyu, ƙafafunsu a miƙe. Baffa ya nuna gaba da haɓa ya ce, "Yaya, nan gaba kaɗan ne."

Ta ce, "Na sani."

Wurin da tirela ta buge Sani suke nufi. Na karanta abin da ya sawwaƙa ga Sani, suka shafa, mai adaidaitar ma ya shafa.

Da muka tashi tafiya sai da muka haɗu mu uku, ni da direban da wani mai gadi, kafin muka iya cusa gawar keken a bayan motar. Baffa yana shafa sirdin yana cewa wataƙila mai gyara zai iya miƙar da tayar. Gwaggo ta ce, "A'a. Masu sayen tsohon ƙarfe za a kai wa. Da awo suke saye. Shekara da shekaru keken nan yana tara nauyi, yau ranar amfaninsa ta zo."

Hajara ba ta faɗi ba, ba a ranar ba, ba bayanta ba. Tana nan a wurin aikinta, yanzu ma ita take koya wa sababbi ɗinki, ƙannenta ba wanda ya bar makaranta. Mata da yawa na kamfanonin Sharada da Challawa sun zo daga baya sun ɗauki Gwaggo zuwa kasuwa, kuma in kun ga wata 'yar ƙaramar mace a hanyar nan a kan keke daidai jikinta, ƙafarta tana kaiwa ƙasa, da wuya in ba hannun gwaggona a ciki. Ina faɗin wannan da alfahari, Allah Ya yafe mini in ya yi yawa.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, matar da ta tsaya gaban Baffa ta ce a bar yarinya ta bi hanyar nan, ita ce ba ta taɓa cin abincin yamma ba sai yarinyar ta shigo. Da ciwo ya kwantar da ita, idonta ya daina gani sosai, in la'asar ta yi sanyi sai ta fara tambayar duk wanda ya ɗaga labule, "Ta dawo?" Ranar da za ta cika ina zaune gefenta ina karatu, tun azahar ba ta yi magana ba, har mun ɗauka ba za ta sake yi ba. Gab da magariba Hajara ta shigo da sallama, ta durƙusa ta kama hannunta ta ce, "Gwaggo, na dawo." Ta ce, "Alhamdu lillahi," a fili yadda duk muka ji. Ba a kira isha'i ba sai da ta tafi.

Ya Allah, baiwarka Tabawa ta zo gare Ka. Ta tsaya wa marayu, ta ci guminta, ta sa mu dariya a kwanakin da dariya take da wuya. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata makwancinta, Ka haɗa ta da Sani da iyayenmu a gidan rahama. 'Ya'yanmu da suke fita nema a kan hanyoyin nan kuma, Ka riƙa dawo mana da su lafiya. Amin.